Tambaya da Amsa: Wai wannan kiɗa ne ko hayaniya?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Na ci karo da wani kiɗa a YouTube mai suna Different Trains, ba waƙa ba amshi, sai kukan jirgin ƙasa da muryoyin tsofaffi suna ta maimaita magana ɗaya, an ce wai tarihin Yahudawa yake bayarwa. To ta yaya kiɗa zai ba da tarihi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Gaskiya duk wanda ya fara jin sa sai ya ɗan ɗaure masa kai. Wanda ya haɗa shi Steve Reich ne, Bayahude ɗan Amurka, a 1988. Iyayensa sun rabu tun yana ƙarami, to daga 1939 zuwa 1942 sai ya riƙa zirga-zirga a jirgin ƙasa tsakanin New York da Los Angeles, wajen uba da wajen uwa. Da ya girma sai ya yi tunanin ai da a Turai yake a waɗannan shekarun, da wani jirgin daban aka cusa shi, irin wanda 'yan Nazi suke kwasar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, a kisan kiyashin da a ƙarshe ya hallaka Yahudawa kusan miliyan 6.

Yanzu ga inda dabarar take. Ya naɗi muryar matar da ta raine shi, da ta wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya haɗa da muryoyin mutum uku da suka tsira daga kisan, sai ya ɗauki guntun magana, in mutum ya faɗi shekara ko sunan gari, ya saurari yadda muryar ta hau ta sauka, ya rubuta wa masu goge irin na Turawa su huɗu su bi sawunta daidai. Wato kinga maganar ce ta haifi kiɗan, kamar dai yadda kalangu yake kwaikwayon harshe. Ki sake sauraro da iyafis, za ki ji gogen yana "faɗar" abin kafin ma muryar ta fito wani lokacin. Maimaicin da ya dame ki kuwa ni a ganina shi ne ƙarfin abin, don haka mummunan tunani yake yi wa mutum, ya tafi ya dawo, ya ƙi barinsa.

A ɓangaren fim ma akwai wanda ya bi wannan hanyar tun kafin shi. Claude Lanzmann ɗan Faransa ya fitar da Shoah a 1985, fim ne na shaidu mai tsawon sama da awa 9, ya shafe shekara 11 yana aikinsa, kuma bai sa tsohon hoton gawarwaki ko ɗaya ba. Mutane da wuraren da abin ya faru kawai yake sa wa kyamara. Akwai wani wanzami da aka tilasta wa aske gashin mata a sansanin kisa na Treblinka kafin a kashe su, an ɗauke shi yana aski yana ba da labari har maganar ta maƙale masa, Lanzmann ya nace sai ya ci gaba. Wasu na ganin ya matsa masa da yawa, ni ma wajen nan raina bai kwanta ba wallahi, amma ba wanda zai kalla ya manta.

TAMBAYA: Malam duk aikin nasu kan kisan kiyashi ne kawai, ba ruwansu da addini? Daga wani mai karatu.

AMSA: A'a ɗan uwa. Shi Reich ɗin nan a 1981 ya yi Tehillim, ayoyin Zabura ne da Ibrananci. Sannan a 1993 shi da matarsa Beryl Korot suka yi The Cave, kiɗa haɗe da bidiyo kan kogon da ke Hebron, wato Al-Khalil, inda Yahudawa da Musulmi duk suke cewa nan kabarin Annabi Ibrahim yake. Sun yi wa 'yan Isra'ila da Falasɗinawa da Amurkawa tambaya iri ɗaya, waye Ibrahim a wajenka, wacece Saratu, wacece Hajara, Isma'ila da Ishaƙu fa? Amsoshin sun sha bamban sosai, wasu Amurkawan ma da aka ce Ibrahim sai suka kama maganar tsohon shugaban ƙasarsu Abraham Lincoln. In za ka nema, da wannan zan ce ka fara.