Amsa ga 'yar uwar da ta tambaya ko waya na dakushe ƙwaƙwalwa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce ɗanki mai shekara 15 a da yakan haddace shafi guda a zama ɗaya, amma tun da aka saya masa waya ko rabin shafi sai da ƙyar, har kina tsoron ko ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Na daɗe ina karantar da hadda a Islamiyya, da safe kuma ina koyar da lissafi a sakandare, kuma irin yaron nan na gan su da yawa.

Ki kwantar da hankalinki, in sha Allahu basirarsa tana nan. Abu biyu wayar ta cinye masa: natsuwa da barci. Hadda kuwa da su take tsayuwa.

Ga yadda abin yake a aji. Yaro mai yawan danna waya zai biya maka aya biyar daidai a take, ka ji daɗi, washegari a zo muraja'a ka tarar duk ta zube. Ya karanta da baki ne, hankalinsa na wurin saƙon da yake jira. A lissafi ma haka, da zarar tambaya ta kai mataki uku sai ya saki, domin ya saba da bidiyon TikTok da ba ya kai minti ɗaya. Wata malama a Jami'ar Kalifoniya, Gloria Mark, ta auna tsawon lokacin da manya ke tsayawa kan abu ɗaya a allon kwamfuta: a 2004 kusan minti biyu da rabi ne, daga baya ya dawo daƙiƙa 47. In babba ya koma haka, ina ga yaro?

Akwai kuma gwajin da aka yi a Jami'ar Texas a 2017 da mutum kusan 800. Wasu sun ajiye wayarsu a kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki, duk an kashe ƙarar wayoyin. Waɗanda tasu ke wani ɗaki su suka fi ƙoƙari a jarrabawar riƙe abu a kai. Wasu masanan sun maimaita gwajin ba su ga tazara mai yawa ba, amma ni abin ya yi daidai da abin da nake gani. Ƙoƙarin hana kai ɗaukar wayar ma aiki ne da ke cin hankali. Faransa ta hana waya a makarantun yara tun 2018, Holan ta bi sahu a 2024.

Barcin ne ya fi damuna. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, kuma saurayi mai irin shekarunsa yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Garaɓasar data ta tsakar dare ta hana yaranmu wannan. Yaro ya kai ƙarfe biyu yana kallo, a tashe shi asuba, sannan a ce ba ya ganewa. Wallahi tausayi suke ba ni.

Kada ki ƙwace wayar da faɗa, zai koma aron ta abokai a ɓoye. Ku yi yarjejeniya: daga sallar isha'i ta kwana a ɗakinki, kuma kada ya taɓa ta da safe sai ya gama hadda. Ya riƙa karatu da Alƙur'ani na takarda guda ɗaya, domin ido na riƙe wurin da aya take a shafi, na waya kuwa saƙo ne zai faɗo a tsakiyar sura. Ke da mahaifinsa ku ma ku ajiye naku lokacin da yake karatu, in ba haka ba zai ga rashin adalci ne.

Yawancin waɗanda iyayensu suka dage da haka nakan ga canji cikin wata guda. In ya wuce haka babu sauyi, ki zauna da shi ki ji ko wani abu ke damunsa, a kuma duba masa ido a asibiti. Allah Ya shirya mana su.