Amsar tambayarki kan sallamar tafiya Madina

Wa alaikumus salam ɗiyata, na ga saƙonki tun jiya bayan isha'i, kina tambaya wai me ya sa har yanzu in zan je Madina sai na bi gidajen unguwa ina sallama, in na dawo kuma a yi ta rabon dabino da na'ana, alhali yanzu tafiyar awa biyu da rabi ce a jirgin ƙasa. To bari in gaya miki.

Ke kin yi wayo kin tarar da jirgin Haramain da aka buɗe a 2018, mu kam lokacin da muke yara a unguwar Misfala ta Makka, Madina nesa ce sosai, kilomita sama da 400 ta tsohuwar hanya, a bi ta Rabig a tsaya Mastura a ci soyayyen kifi da shinkafa, a ɗan miƙe baya a kan dogayen kujerun igiya na gidan gahawa, sannan a wuce Badar a yi wa shahidai addu'a, mota ba sanyi ba komai sai iska mai zafi tana dukan fuska, amma wallahi ban taɓa jin wani cikinmu ya yi ƙorafi ba. Kakarki Allah ya jiƙanta ita ce ke fara salati da an hango koriyar kubbar nan, muryarta na rawa, mu yara mu amsa, har yau in na hango ta sai na ji muryar nan a kunnena.

Ita sallamar asalinta daga kakanninmu ne, su da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da jaki, su ratsa Chadi da Sudan, wani ya yi shekaru yana noma a hanya kafin ya samu kuɗin tsallaka teku daga Sawakin. Mutumin da ya ga irin wannan tafiya baya sa ƙafa waje bai nemi gafarar maƙwabta ba. Sannan akwai saƙo, duk gidan da kika shiga za a ce miki ki gaishe mana da Manzon Allah, tsohuwar da ƙafa ta hana ta tafiya ta riƙe hannunki tana hawaye tana faɗa, to wannan amana ce kika ɗauka, in kin isa masallaci kin yi sallama sai ki tuno su ɗaya ɗaya. Dabinon da kike kawo musu kamar kina cewa ne na je na isar. Ba sai ajwa mai tsada ba, safawi ma ya wadatar, da ɗaurin na'anar Madina da ake naɗewa a jiƙaƙƙen ƙyalle kar ta bushe, daren nan duk unguwa shayi ɗaya ake sha.

Na je Madina ban san adadi ba, kuma kullum tsarina ɗaya, asabar da safe Kuba kamar yadda Annabi (SAW) yake yi, wata rana Uhudu wajen Sayyidina Hamza, in za mu taho a tsaya Abyar Ali a ɗaura niyyar umara. Lungunan da muke sauka kusa da Harami duk sun shiga cikin faɗaɗawar Sarki Fahad, yanzu ma Rauda sai kin yi rajista a manhajar Nusuk, amma sanyin zuciyar da nake ji a garin nan bai ragu ba ko kaɗan.

Alhamis in Allah ya kai mu zan tafi, ki zo laraba da la'asar ki raka ni gidaje huɗun nan na bayanmu, ki gaida mamanki ki ce ta faɗa min ko safawi take so ko anbara.