Tambayi Likita: Rikicewar garkuwar jiki a farkon kamuwa da HIV

Tambaya: Likita, mako uku bayan na kusanci wata, zazzaɓi ya kwantar da ni, ga ciwon maƙogwaro da kaluluwa. Maganin maleriya bai yi min ba, gwajin HIV kuma bai nuna komai ba. In kwantar da hankalina? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Ɗana, Allah ya ba ka lafiya, amma kada ka tsaya a nan. Mako 2 zuwa 4 da shigar ƙwayar HIV jiki takan hayayyafa sosai, garkuwar jiki ta taso mata da ƙarfi. Wannan artabun ne ke kawo zazzaɓi da ƙuraje da kaluluwa. Gwajin da ake tsaga yatsa na iya kai wata 3 kafin ya kama ta. Ka nemi gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar kanta a cikin jini, ko ka maimaita na yatsan bayan wata ukun. Kafin nan ka kame kanka, domin a wannan lokacin aka fi yaɗa ta.

Tambaya: An ce yayana bai daɗe da kamuwa ba, amma yana kwance magashiyyan, wai garkuwar jikinsa ce ke yaƙarsa. Ashe ba karya garkuwa cutar take yi ba? Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, karyawar sai daga baya. Da farko tunzura ta take yi, a wasu mutane ƙalilan kuma garkuwar ta kasa tsayawa. Sai sojojin jiki su koma cin ƙwayoyin jinin mutum a cikin ɓargo. Likitoci na kiran wannan HLH. Zazzaɓi ya ƙi sauka, saifa da hanta su kumbura, jini ya yi ƙasa, idanu su yi rawaya. Wani kuma kumburin kan taɓa masa rigar ƙwaƙwalwa kamar sanƙarau. Yana kisa idan aka yi jinkiri, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake ɓata makonni ana maganin shawara a gida. Ku bar shi a asibiti. Za a ba shi maganin lafar da garkuwar tare da na HIV, kuma ana tashi.

Tambaya: Na fara shan maganin HIV, sai tari da zazzaɓi suka tsananta. In daina? Daga wani magidanci a Jos.

Amsa: Malam, kada ka daina. Wataƙila garkuwarka ce ta farfaɗo ta far wa wata cutar da ke ɓoye, galibi tarin fuka. Ka koma asibitin da ke ba ka magani a makon nan a gwada majinarka. In akwai ciwon kai mai tsanani ko wuya ya sanƙare, ka tafi yau.