Tambaya da Amsa: Kiredit ɗin AP da Shiga Makarantar Likitanci a Amurka

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni 'yar Kano ce, amma muna zaune a jihar Maryland ta Amurka tare da maigidana da yaranmu. Babbar 'yata tana ajin ƙarshe a sakandare, kuma burinta ta zama likita. A bara ta rubuta jarrabawar AP a bayoloji da kimistiri da kalkulas, ta ci da maki mai kyau, bana kuma za ta rubuta fiziks da Turanci. Jami'ar da ta ba ta gurbi ta ce za ta ƙirga mata waɗannan a madadin kwasa-kwasan shekarar farko, mu kuwa muka yi murna domin hakan zai rage mana kuɗin makaranta. Sai wata maƙwabciyarmu ta ce makarantun likitanci ba sa karɓar kiredit ɗin AP, kuma idan yarinyar ta tsallake kwasa-kwasan za ta yi da-na-sani. Shin gaskiya ne? Ta karɓi kiredit ɗin ko ta sake karatun daga tushe?

Wata uwa, daga Maryland

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya, ya sanya wa karatunta albarka. Maganar maƙwabciyarki tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta yi wa makarantun kuɗin goro, alhali makarantun da ke ba da digirin MD, wato digirin likitanci, a Amurka sun haura 150, kuma kowace ita ce ke tsara sharuɗɗanta da kanta.

Bari in fara da shimfiɗa saboda masu karatu da ke gida. A Najeriya yaro yakan fito daga sakandare, ya rubuta JAMB, ya shiga karatun MBBS na shekara shida kai tsaye. A Amurka kuwa sai ya fara yin digirin farko na shekara huɗu, a fannin da ya ga dama, ko tarihi ne ko lissafi, sannan ya nemi makarantar likitanci ya ƙara wasu shekaru huɗu. A cikin digirin farkon ne ake bukatar ya yi wasu kwasa-kwasai na dole, waɗanda bisa al'ada su ne shekara guda ta bayoloji, shekara guda ta kimistiri na gama-gari, shekara guda ta oganik kimistiri, da shekara guda ta fiziks, kowanne tare da aikin ɗakin gwaje-gwaje. Makarantu da yawa sun ƙara da bayokimistiri da lissafi ko ƙididdiga da kuma kwas na rubutun Turanci. Shi kuwa AP shiri ne na hukumar College Board, wanda ake gudanarwa tun shekarun 1950, inda ɗalibin sakandare ke karanta darasi mai nauyin na jami'a, ya rubuta jarrabawa a watan Mayu, a ba shi maki daga 1 zuwa 5. Jami'o'i da dama suna ba da kiredit ga wanda ya ci 3, masu tsauri kuwa sai 4 ko 5.

Tushen rikicin shi ne, kiredit ɗin da aka yi wa 'yarki alƙawari yarjejeniya ce tsakaninta da jami'ar da za ta yi digirin farko. Makarantar likitanci ba ta cikin wannan yarjejeniya, don haka ba dole ba ne ta amince da ita. Jami'a tana iya cewa an gama da bayoloji, ta ba yarinya digiri, makarantar likitanci kuma ta ce ita ba ta ga shaidar cewa an zauna a ajin jami'a an yi bayolojin ba. Ko a tsakanin jami'o'in kansu ba a kan magana ɗaya ake ba: Dartmouth, alal misali, ta daina ƙirga AP a cikin kiredit ɗin kammala digiri tun daga ɗaliban da suka shiga a 2014, sai dai ta yi amfani da sakamakon wajen sanya ɗalibi a matakin da ya dace da shi.

Idan aka duba sharuɗɗan makarantun likitanci za a tarar da wasu suna karɓar AP ba tare da wani ƙari ba, matuƙar ya bayyana a takardar sakamakon jami'a. Wasu kuma, waɗanda ba kaɗan ba ne, suna karɓa ne da sharaɗin ɗalibi ya yi wani kwas mai zurfi a fannin, wato idan ya tsallake bayolojin shekarar farko to ya nuna ya yi ilimin gadon halitta, ko na ƙwayoyin halitta, ko na yadda gaɓoɓin jiki ke aiki. Akwai masu karɓa a wannan darasi su ƙi a wancan. Sannan akwai rukunin da suka bar lissafa kwasa-kwasai gaba ɗaya, suna duba ƙwarewar da ɗalibi ya samu ta kowace hanya, ra'ayin da ya ƙara ƙarfi bayan rahoton da ƙungiyar makarantun likitanci ta AAMC da cibiyar Howard Hughes suka fitar a 2009. Matsalar ita ce mai nema ba makaranta ɗaya yake rubuta wa ba. Yawanci sukan nemi fiye da goma, domin ƙasa da rabin masu nema ne ke samun gurbi a kowace shekara, saboda haka dole a yi shiri gwargwadon sharaɗin mafi tsaurin makarantun da ake so.

Wannan ne ya sa shawarata ga 'yarki ita ce ta karɓi kiredit ɗin, amma ta hau da shi zuwa kwas na gaba a fannin, kada ta mayar da shi hanyar guje wa kimiyya. Wanda ya shigo da AP a bayoloji, sannan ya yi zango biyu na bayoloji mai zurfi tare da ɗakin gwaje-gwaje a jami'a, ya cika sharaɗin kusan kowace makaranta, kuma takardarsa ta fi ta wanda ya tsaya a matakin farko kyan gani.

Amma akwai abin da iyaye da yawa ba sa lura da shi, kuma a ganina ya fi batun karɓa ko ƙi muhimmanci. Mafi yawan makarantun MD ana neman su ne ta hanyar wani tsarin bai-ɗaya na cike takardar neman gurbi mai suna AMCAS, makarantun DO (wani nau'in digirin likitanci na daban) ta AACOMAS, na gwamnatin jihar Texas kuma ta TMDSAS. AMCAS yana sake lissafa matsakaicin makin ɗalibi da kansa, yana kuma ware na kimiyya daban, wato bayoloji da kimistiri da fiziks da lissafi, wanda ake kira BCPM. Kiredit ɗin AP ba ya zuwa da maki irin na A ko B, don haka ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan. Maki 5 ɗin da yarinya ta sha wahala ta ci ba zai ɗaga matsakaicinta ba. Abin da hakan ke nufi shi ne, idan ta tsallake kimistiri na gama-gari, makin kimiyya na farko da zai hau takardarta zai fito ne daga oganik kimistiri, kwas ɗin da ya yi ƙaurin suna wajen karya gwiwar masu son likitanci, kuma za ta tunkare shi ne a watanninta na farko a jami'a, tana fama da sabon wuri da sabuwar rayuwa, cikin 'yan aji biyu da suka riga suka saba. Idan ta sami C a nan, babu wasu makin da suka gabata da za su tallafe shi. AMCAS kuma ba ya yafe maki: ko an sake kwas an ci A, makin farko da na biyu duka yake ƙirgawa.

Saboda haka kimistiri ne darasin da nake son ku tsaya ku yi nazari a kansa sosai. AP a makarantun sakandare ba ƙarfinsa ɗaya ba, musamman ta fuskar aikin ɗakin gwaje-gwaje, inda wata makaranta ke da kayan aiki wata kuwa sai dai a kwatanta. Ta nemi tsohuwar jarrabawar ƙarshen zango ta kimistirin shekarar farko daga sashen kimistiri na jami'arta, ta zauna ta gwada kanta da agogo a gabanta. Idan ta ga ta warware tambayoyin ba tare da gumi ba, ta wuce gaba, daga baya ta cike gurbin da bayokimistiri ko wani kwas na kimistiri mai zurfi. Idan kuwa ta yi ta tangal-tangal, sake kwas ɗin ba abin kunya ba ne, kuma masu tantancewa ba su cika ɗaukarsa aibi ba. Sai dai ta sani cewa jami'o'i da yawa sukan soke kiredit ɗin AP idan ɗalibi ya sake kwas ɗin da ya yi daidai da shi, ke nan ragin kuɗin da kuke sa rai a wannan darasi ya tafi.

Kalkulas da ƙididdiga su ne aka fi karɓa cikin sauƙi, don haka ta riƙe kiredit ɗinta na kalkulas, ta ƙara da zango ɗaya na ƙididdiga a jami'a, wanda zai yi mata amfani a aikin likita fiye da kalkulas ɗin ma. Turanci kuwa ta yi aƙalla kwas ɗaya mai yawan rubutu a jami'a ko da ta ci AP, domin wasu makarantu suna son ganin hakan. Fiziks shi ne mai ɗan wuyar sha'ani, saboda wanda ba fanninsa ba ne da wuya ya so hawa fiziks mai zurfi don kawai ya tabbatar da kiredit, kuma sau da yawa yin na shekarar farko a jami'a ya fi sauƙi.

Akwai kuma jarrabawar MCAT, ta neman shiga makarantar likitanci, wadda ba ruwanta da inda aka yi karatu. Tun daga 2015 tana da sassa huɗu, ana ba da maki daga 472 zuwa 528, tana ɗaukar sama da awa bakwai, kuma ta ƙunshi bayokimistiri da ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa. Yarinyar da ta karanta kimistiri tana aji 11 a sakandare, wato ajin da ke kafin na ƙarshe, za ta iya kai shekara huɗu ko biyar kafin ta zauna wannan jarrabawa, kuma abin da aka daɗe ba a taɓa ba yakan dushe. Haka nan makarantu suna neman wasiƙun shaida daga malaman kimiyya na jami'a, waɗanda ba sa samuwa sai an zauna a ajinsu.

Abubuwa biyu na takarda kada su wuce ku. Na farko, wasu jami'o'i sukan rubuta kiredit ɗin AP a dunƙule, su ce awa kaza, ba tare da bayyana kwas ɗin da kowanne ya maye ba, makarantar likitanci kuwa tana son ta ga sunan darasin. Ku tambayi ofishin magatakardan jami'ar tun yanzu yadda suke rubutawa, da ko sukan ba da wasiƙar bayani. Na biyu, idan 'yarki ta taɓa ɗaukar kwas na ainihin kwaleji tana sakandare, a tsarin da ake haɗa rajista biyu, wannan ba kamar AP ba ne: dole ta bayyana shi a AMCAS, kuma makinsa zai shiga matsakaicinta, mai kyau ne ko maras kyau.

Da zarar ta isa jami'a ta nemi ofishin da ke ba masu son karatun lafiya shawara kafin ta yi rajistar zangon farko. Ta kuma duba kundin MSAR da AAMC ke wallafawa, wanda ke ɗauke da sharuɗɗan kowace makaranta, ta fara da na jiharku, wato makarantar likitanci ta Jami'ar Maryland da ke Baltimore, domin makarantun gwamnatin jiha sun fi fifita 'yan jiharsu. Ta riƙa sake dubawa kowace shekara, saboda sharuɗɗan sukan canza.

Tambaya

Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya, na gama WAEC, yanzu kuma ina shirin jarrabawar A-Level ta Kambirij. Shin za a ƙirga mini ita kamar AP idan na nemi karatun likita a Amurka?

Wani ɗalibi, daga Zariya

Amsa

Barka kadai, ɗan samari. Jami'o'in Amurka da yawa suna ba da kiredit ga A-Level da IB (International Baccalaureate, wata takardar kammala sakandare ta ƙasa da ƙasa) kamar yadda suke yi wa AP, WAEC kuwa takardar neman shiga ce kawai. Amma kiredit ɗin na digirin farko ne, kuma duk abin da na faɗa wa Hajiya ya shafe ka, har da ƙari, domin mafi yawan makarantun likitanci suna son a yi kwasa-kwasan dole a jami'ar Amurka ko Kanada, kuma AMCAS ba ya tantance takardun sakamako na ƙasashen waje. Kaɗan ne daga cikin makarantun ke ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da izinin zama na dindindin, irin wannan ɗalibi ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayya, wasu makarantun ma sukan nemi ya nuna kuɗin shekaru huɗun tun kafin ya fara. Hanyar da likitocinmu da yawa suka bi ita ce su yi MBBS a gida, a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero ko wata, inda A-Level mai kyau ke iya shigar da kai aji biyu kai tsaye, sannan su rubuta jarrabawar USMLE ta samun lasisin aikin likita a Amurka, su sami shaidar hukumar ECFMG mai tantance likitocin da suka yi karatu a wajen ƙasar, su nemi gurbin horon ƙwarewa a asibitocin Amurka.