Amsa: me ya sa jama'a ba su sakin jiki da shafukan gwamnati?

Malam, ka tambaya me ya sa mutane suka gwammace su biya mai shagon kwamfuta, alhali an ce kowa zai iya yin rajista da wayarsa. Na daɗe ina cika wa jama'a fom, ga abin da nake gani.

Yawancin masu zuwa wurina sun iya waya sarai. Abin da suke biya shi ne a samu wanda za su riƙe in abu ya ɓaci. An cire kuɗi a asusunka, shafi ya ce ba ka biya ba. Ko an rubuta Muhammad a NIN, Mohammed a BVN, aiki ya tsaya cak. Wa za ka kama? In ka je ofis a ce ka koma intanet, can kuma ba mai amsa maka. Ni kuwa an san ƙofar shagona.

Dubi JAMB. Ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 kowa ya koma kanta, ana ta ƙorafi, amma yau iyaye sun saba. A 2025 na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas. Shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa laifi, ya nemi afuwa, aka sake musu jarrabawa. Ɓarna ce babba, amma a ganina wannan fitowar ta rage mata zafi ƙwarai, domin an ga mai ɗaukar alhaki.

Na IReV, shafin da hukumar zaɓe INEC ke ɗora sakamakon zaɓe a kai, daban ne. INEC ta yi alkawarin ɗora sakamakon rumfuna nan take, sai ranar 25 ga Fabrairun 2023 na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a kan lokaci. Aka ce tangarɗar na'ura ce, cikakken bayani sai bayan kusan shekara. Har yau in na ce wa dattijo "an shigar da bayananka", sai ya ce in buga masa a takarda tukuna. Ban ga laifinsa ba.

In za ka yi da kanka, fara daidaita sunanka da ranar haihuwa a duk takardunka. In ta shafin biyan kuɗi na Remita ka biya, adana lambar RRR, wato lambar da yake ba kowane biya, da rasit, da su za ka bi kadin kuɗinka in sun maƙale.