Amsa: Yaya ake gane shekarun dutsen da ƙanƙara ta binne?

Malam, ka tambaya yaya ake sanin shekarun dutsen da ke ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kilomita uku. Sau da yawa ba a ma tono shi. Ƙanƙarar tana tafiya a hankali, tana kankare dutsen, ta kwaso tsakuwa ta zubar a gefenta, masu bincike su tsinto. A cikin tsakuwar akwai ƙwayoyin wani ma'adini mai suna zirkon masu ɗauke da sinadarin yuraniyom, wanda ke rikiɗa zuwa dalma da ƙayyadadden sauri. Sai a auna nawa ya rikiɗa, daga nan a lissafa shekarun dutsen.

Ana tonon ma, sai dai akwai wahala. A 1993 masu binciken Amurka sun huda ƙanƙarar tsakiyar Girinlan, wani babban tsibiri a can arewacin duniya, har mita 3,053, amma dutsen da suka ciro bai kai mita biyu ba.