Ta ina ake fara farfaɗo da tsakiyar garin da ke bakin teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Garinmu yana bakin teku, kuma tsohuwar unguwar da ke tsakiyarsa ta mutu murus. Shaguna a rufe, gidaje sun tsufa, matasa suna ta barin gari. Hukuma ta kawo wani tsari mai ɗauke da babban gidan baje kolin zane-zane da otal da sabuwar hanyar shaƙatawa a gaɓar ruwa, an kuma sa ni cikin kwamitin mazauna da zai ba da shawara. Zanen ya yi kyau ƙwarai, amma hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata mu duba kafin mu amince?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kana da gaskiya da hankalinka bai kwanta ba, domin duk abubuwa ukun da ka lissafa don baƙo aka tsara su. Ban ga na ɗan gari ba ko ɗaya.

Garin bakin teku yana da wata matsala da aka haife shi da ita. Garin da ke tudu yana samun masu ciniki da ma'aikata daga gabas da yamma, kudu da arewa. Na bakin teku kuwa rabin kewayensa ruwa ne, kuma sau da yawa a nan hanyar mota ko ta jirgin ƙasa take ƙarewa, ba wanda ke ratsawa ta cikinsa zuwa wani wuri. Ga kasuwarsa ta lokaci ce: wata uku ko huɗu ana cika maƙil, sauran watannin shekara ana zaman jira. Saboda haka tambayar da nake yi wa kowane irin wannan tsari ita ce, me zai yi wa wanda ke kwana a unguwar a watan da babu baƙo ko ɗaya?

Ku fara da gidaje. Garin Margate da ke kudu maso gabashin Ingila ya isa misali. Tun ƙarni na 18 mutanen Landan ke zuwa can hutu. Da tafiya a jirgin sama ta yi araha a shekarun 1960 da 1970, sai suka koma Sifaniya, manyan gidajen saukar baƙi suka zama kango. Masu kuɗi suka saye su a banza, suka yayyanka su ɗaki ɗaki, suka zuba 'yan haya marasa ƙarfi: marasa aiki, marasa lafiya, da waɗanda tsadar haya ta koro daga wasu garuruwa. Irin gidan nan ba ya ɓuya. Za ka ga ƙofa ɗaya ɗauke da ƙararrawa goma, bangon yana jiƙe, tagar da ta fashe an toshe ta da kwali, kuma wanda ka gani bana ba shi za ka gani baɗi ba. Unguwar da mutanenta ke sauyawa haka ba ta iya riƙe makaranta ko shago, balle ƙungiyar da za ta yi magana da yawunta.

A 2011 aka buɗe gidan zane-zane na Turner Contemporary a gaɓar Margate. Ba zan rage masa komai ba, ya jawo baƙi, tsohuwar tsakiyar garin ta sake samun shaguna. Amma Cliftonville West, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga wurin, ta ci gaba da zama cikin unguwanni mafi talauci a Ingila. Abin da ya taɓa ta kai tsaye wani aiki ne mara armashi: tilasta wa masu gidajen haya karɓar lasisi da bin ƙa'ida, da sayen gidajen da suka lalace ana mai da su gidajen iyali. Shi kuwa filin wasannin nishaɗi na Dreamland da ke Margate, wanda aka sake buɗewa a 2015, kamfanin da ke gudanar da shi a lokacin bashi ya ci ƙarfinsa a 2016. Rahoton da babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, ya fitar a 2021 ya nuna cewa garuruwan bakin teku na ƙasar suna fama da ciwon zuciya da ciwon sukari da taɓin hankali fiye da sauran wurare, kuma ya ambaci irin waɗannan gidaje cikin dalilai. A gyara fuskar gari a bar su yadda suke, kitso ne da kwarkwata.

Sai ruwa, wanda ya kamata a ce shi aka fara zanawa kafin otal. Daga 1901 zuwa 2018 tekun duniya ya ƙaru da kusan santimita 20, kuma yana ci gaba da hawa. Ginin da za ku kafa yau zai kai shekara 60 ko fiye, don haka ku nemi a nuna muku taswirar ambaliya ta wancan lokacin, ba ta bara ba. Mutane sun fi tsoron igiyar ruwa, amma abin da ya fi yawan shiga gidaje ruwan sama ne. Magudanan gari cikin teku suke zubarwa. Idan teku ya cika ya rufe bakin bututun, aka kuma yi ruwa mai ƙarfi a daidai wannan sa'ar, ruwan ba shi da mafita, sai ya dawo ta cikin kwata ya ɓullo a tsakiyar titi. Ka tambayi injiniyan ina ruwan zai tsaya na waɗannan sa'o'i. Idan bai da amsa, aikin bai nuna ba.

Kariya daga teku ba dole ba ce ta zama katangar da ke raba gari da ruwansa. A Katwijk ta ƙasar Holan an binne ganuwar cikin tudun yashi, aka saka wurin ajiye motoci sama da 600 a bayanta ƙarƙashin ƙasa, aka kammala a 2015. Gaggawa kuma tana da tsada. A Saint-Louis ta Senegal, a 2003, an yanka hanyar ruwa mai faɗin mita 4 a zirin yashin da ke tsakanin kogi da teku don a rage ambaliya. Ruwa ya ci gaba da cin bakinta har ta kai kilomitoci, ƙauyen Doun Baba Dieye ya tashi. Duk abin da aka taɓa a gaɓa, yashi zai amsa a wani wuri, galibi a ƙofar maƙwabta.

Akwai kuma haɗarin nasara. Barcelona ta yi amfani da wasannin Olamfik na 1992 ta kawar da tsofaffin masana'antu da layin dogo da suka tare ta daga teku, ta samu gaɓa mai kyau. Zuwa 2014 mazauna Barceloneta, tsohuwar unguwar masunta, suna kan titi suna zanga-zanga saboda gidajen unguwar sun koma masaukin 'yan yawon buɗe ido. A St Ives ta Ingila, a 2016, sama da kashi 80 cikin 100 na masu ƙuri'a suka amince cewa sabon gida sai wanda zai zauna a ciki dindindin. Dokar ba ta shafi tsofaffin gidaje ba, don haka ba ta rufe ƙofar duka ba. Lokacin ɗaukar irin wannan mataki shi ne yanzu da fili ke da araha. Idan hukuma ko wata amintacciyar ƙungiyar mazauna ta mallaki wasu gidaje da shaguna tun kafin a fara aiki, za a iya riƙe hayarsu daidai ƙarfin ɗan gari. Bayan an buɗe otal, kuɗin ba zai isa ba.

Game da shagunan da ke rufe, kada ku sa rai duk za su sake buɗewa. Ciniki ya ragu a tsakiyar garuruwa kusan ko'ina. Gara a tattara shagunan a titi ɗaya ko biyu su cika, sauran a mai da su gidaje da wuraren sana'a. A dawo da asibitin sha ka tafi da ɗakin karatu da ofisoshin hukuma da makarantar koyon sana'a cikin unguwar, domin su ne ke kawo ƙafa kullum, rani da damina. Idan akwai masunta ko masu gyaran jirgin ruwa, a bar musu mashigarsu da wurin ajiye kaya a rubuce cikin tsarin. Su ne na farko da ake turewa da sunan tsafta.

A zamanku na gaba, ka nemi a ba ku kuɗin kula da aikin na shekara goma, da sunan ofishin da zai biya. Iskar teku gishiri ce. Tana cin ƙarfen shinge da fitilun titi, tana ratsa kankare ta kai ga rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa ginin daga ciki. Kuɗin tallafi yawanci na gini ne kawai, ba ya biyan fenti ko albashin mai shara. Ka kuma nemi a raba aikin mataki mataki, magudanai da gidaje a gaba, gidan zane-zanen a baya, yadda ko kuɗi ya yanke a tsakiya unguwar ta riga ta samu abin da ta fi buƙata.